Yadda ake haɗa ƙwayoyin nano na azurfa da gansakuka da bagaruwa a ɗakin gwaji

Duk shekara idan lokacin binciken kammala digiri ya zo, sai ɗalibi ya shigo mini da kwalba a hannu, ruwan cikinta ya koma kalar shayin da aka manta kan wuta, yana washe baki: "Malam, abin ya yi!" Tambayar da nake masa ɗaya ce: ina kwalbar da ba ka sa wa azurfa ba? Galibi sai a yi tsit. Wannan kwalbar da ake mantawa ita ta sa na zauna na rubuta aikin tun daga bakin tafki har teburin awo, yadda za a iya yin sa a nan Sakkwato da kayan da ke hannunmu.

Abin da ake nema a haɗa

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka, su kuwa ƙwayoyin da muke nema girmansu tsakanin 1 ne da 100. Idan ƙarfe ya ƙanƙance haka halinsa na sauyawa. Dubi kanwa: dunƙulalliya tana daɗewa cikin ruwa, niƙaƙƙiya kuwa nan da nan ta narke, don fuskar da ke taɓa ruwan ta yawaita. Azurfa ma haka take, har launinta na canzawa. Farar azurfar zobe idan ta zama ƙwayoyin nano cikin ruwa sai ta koma rawaya zuwa ruwan ƙasa. Zinariya ja take komawa, kamar yadda masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna a Landan a 1857.

Hanyar da aka saba ita ce a zuba wa gishirin azurfa sinadari mai ƙarfi irin su sodiyam borohaidiraid. Yana aiki, amma da tsada, da haɗari. Ita wannan hanya da ake kira koriya, halittu ake sa wa aikin. Cikin gishirin azurfa kowace ƙwayar zarra ta azurfa ta rasa ilektaron ɗaya, wato ɗan ɓangarenta mai ɗauke da cajin lantarki, a haka take narke cikin ruwa. Sinadaran tsirrai, irin su tanin mai jeme fata da furotin da dangin sukari, su ke mayar mata da ilektaron ɗin ta koma ƙarfe, kuma su ne ke lulluɓe ƙwayoyin don kada su dunƙule. A 1999 aka ba da rahoton wata bakteriya, Pseudomonas stutzeri, da aka samo a mahaƙar azurfa tana tara azurfa cikin jikinta. A 2004 masu bincike a birnin Pune na Indiya suka yi aikin da dafaffen ganyen dogon yaro, wannan dai da muke shan inuwarsa a kowane titi. A 2007 aka yi na zinariya da ciyawar teku Sargassum wightii.

Mu ba mu da teku, amma muna da gansakuka, muna da bagaruwa. Zan bi da kai ta kan gansakuka, ina kawo bagaruwa duk inda ta bambanta.

Mataki na farko: ruwa, kafin komai

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, Larabar wannan aiki kuwa ruwa ne. Gishirin azurfa, wato silba naitiret, ba ya shiri da kuloraid, sinadarin da ke cikin gishirin miya. Da sun haɗu sai su ba da farin gari mai kama da tsinkakkiyar madara, idan haske ya taɓa shi kuma ya yi toka-toka ya koma baƙi. Ɗalibi ya ga duhu ya ɗauka ya ci nasara, alhali azurfarsa ta tafi a banza.

Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na leda, duk a kai kasuwa. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, ba banza aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina ba, kuma ruwan da ya ratso ƙasa yana tafe da narkakkun gishiri iri-iri. Ruwan distil ake so, wanda aka tafasa aka tara tururinsa. Ko shi ma kada ka yarda da rubutun jikin jarka. Zuba mililita 5 a bututun gwaji, ka ɗiga masa ɗigo biyu na ruwan gishirin azurfa, ka ɗaga shi gaban baƙin kyalle. Ya zauna garau, bismilla. Ya yi ko da ɗan hazo, nemi wani. Na taɓa asarar mako biyu kan jarkar da wani ya ƙara wa ruwan famfo don kada a ga ta ragu, tun daga ranar ba na tsallake wannan gwajin. Ruwan batir na kasuwa ma sai an gwada shi haka, a kuma tsoma masa takardar pH mai nuna ƙarfin asid, don wani akwai asid a ciki.

Kwalabe kuma a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a zagaya musu asid naitirik mai rauni, a ƙare da ruwan distil sau uku. Kada a kusanto da asid haidirokulorik, kuloraid ne tsagwaronsa.

Sauran kaya su ne sikeli mai auna har 0.001 na giram, bika, kwalabe masu faɗin gindi da siririn wuya guda huɗu, kwalbar awo ta mililita 100, takardar tacewa Whatman lamba 1, farin kyalle mai laushi, murhun lantarki, ma'aunin zafi, takardar alminiyam ta naɗe kwalba, safar hannu da tabaran kariya.

Mataki na biyu: ɗebo gansakuka

Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ja baya ya bar kududdufai a fadamun gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa ko bakin tafkin Kware. Wadda kake nema ita ce koriya shar mai zare-zare, mai santsi kamar an zuba mata kuɓewa. Sau da yawa Spirogyra ce, amma ido ba ya yanke hukunci. Ɗora zare ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ita ce za ka ga koren zare ya murɗe cikin kowace gaɓa ta zaren kamar igiyar da aka tufka. Ka kai wa masanin tsirrai ya tabbatar, ka kuma ajiye samfur.

Ka guji wadda ke kwance a saman ruwa kamar an zubar da koren fenti mai shuɗi-shuɗi, wani irinta na da guba. Ka guji ruwan da ke kusa da wurin wankin mota ko magudanar gari. Kuma don Allah sa takalmin roba mai tsawo. Ruwan da ke kwance a fadama gidan tsargiya ne, digiri bai kai a yi fitsarin jini saboda shi ba.

Ɗebo da yawa, bokiti guda, don in ta bushe ba ta da auki. Rubuta rana da wuri. A ɗakin gwaji ka tsince ƙananan dodon koɗi da ciyayi, ka wanke da ruwan famfo har laka ta ƙare, sannan da ruwan distil sau uku. Wanki na ƙarshen shi ke fitar da kuloraid, kada a yi masa ha'inci. Shanya a inuwa, ba a rana ba, don ranar Sakkwato na lalata sinadaran da kake nema. Da iskar hunturu kwana uku zuwa biyar sun isa, sai dai a rufa mata siririn kyalle saboda ƙura. In ta bushe tana ƙaras-ƙaras, niƙe ta a turmin tangaran ko bilenda, ka tankaɗe, ka zuba a kwalba mai murfi.

Bagaruwa ba ta da wannan wahala. Sayi busassun 'ya'yanta inda majema ke saye, ka fasa ka zubar da ƙwallayen, ɓawon kake so. Tanin ɗin da ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato shi ne zai yi maka aiki.

Mataki na uku: tsimi

Auna giram 5 na garin gansakuka cikin mililita 100 na ruwan distil. Ɗora a wuta ka riƙe zafin a digiri 60 na minti 20 zuwa 30, kana juyawa. Kada ya tafasa. Sauke, ya huce, ka tace da kyalle, ka sake tacewa da takarda. Tsimin zai fito fari-fari mai ɗan kore ko rawaya. In ka ga ɓurɓushi na yawo, sake tacewa.

Bagaruwa giram 1 ta isa a mililita 100, ƙarfinta ya ninka na gansakuka nesa ba kusa ba.

A rubuce ana cewa a ajiye tsimi a firji a digiri 4. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, shawarata ka haɗa shi da safe ka yi aiki da shi a ranar. Tsimin da ya kwana biyu cikin zafin watan Afrilu, mai haura digiri 40, ya riga ya zama gonar bakteriya.

Mataki na huɗu: ruwan azurfa

Ƙarfin da aka fi amfani da shi milimola 1 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na mol, ma'aunin yawan sinadari, a kowace lita. Nauyin mol ɗaya na silba naitiret giram 169.87 ne, ke nan mililita 100 na buƙatar giram 0.017 kacal. Auna wannan ɗan mitsitsi kai tsaye kuskure ke shiga. Gara ka auna giram 0.170, ka narkar a kwalbar awo ka cika zuwa mililita 100, ka samu milimola 10. Duk lokacin da za ka yi aiki sai ka ɗebi kashi ɗaya ka ƙara ruwan distil kashi tara. Naɗe kwalbar da takardar alminiyam ka sa a kabad, haske na lalata shi.

Sa safar hannu da tabarau kafin ka buɗe robar. Ya taɓa fata ba ka jin komai, sai washegari ka ga baƙin tabo da ba ya fita da sabulu, sai fatar ta saɓe da kanta. Ido kuwa ƙona shi yake. Kada ka haɗa shi da amoniya ka ajiye, abin da ke taruwa a ƙasan irin wannan haɗin yana iya fashewa.

Mataki na biyar: haɗawa, da kwalabe huɗu

A nan aikin yake. Jera kwalabe huɗu, ka liƙa wa kowace suna.

Ta farko: mililita 10 na tsimi da 90 na ruwan azurfa mai milimola 1. Ita ce gwajin. Ta biyu: tsimi 10 da ruwan distil 90, babu azurfa. Ta uku: ruwan distil 10 da ruwan azurfa 90, babu tsimi. Ta huɗu maimaicin ta farko ce, don abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama katari. Idan bagaruwa ce, mililita 2 na tsimi sun isa cikin 98.

Ɗiga tsimin cikin ruwan azurfa a hankali kana kaɗawa, ba a juye shi gaba ɗaya. Dukkan kwalaben su zauna wuri ɗaya, zafi ɗaya, haske ɗaya.

Ga dalilin kwalba ta biyu. Tsimin bagaruwa shi kansa ruwan ƙasa ne, kuma in ya sha iska yana ƙara duhu, ko babu azurfa ko ɗigo. Wanda ya yanka gauta ya bar shi ya ga irin wannan. Idan ta farko da ta biyu suka yi duhu iri ɗaya, ba ka haɗa komai ba. Ta uku kuma tana gaya maka ko ruwanka ko kwalbarka ko haske ne ke sauya launin. Ita ya kamata ta zauna garau har ƙarshe.

Da bagaruwa launi na fara juyawa cikin mintuna. Gansakuka mai nawa ce, tana iya ɗaukar sa'o'i, har kwana ɗaya ko biyu. Duba a minti 15, 30, sa'a ɗaya, uku, shida, 24, kana ɗaukar hoto gaban farar takarda. Alamar kirki ita ce rawaya mai komawa ruwan zuma, ruwan kuma ana hango haske ta cikinsa. Toka-toka mai kwantawa a ƙasa ƙwayoyin sun dunƙule ke nan. Fari kamar madara kuloraid ne, koma mataki na farko.

In abin ya ƙi motsi, abubuwa uku ke zaburar da shi. Zafi: riƙe kwalaben a digiri 60. Haske: mintuna kaɗan a rana na iya yin abin da duhu bai yi ba a yini guda, sai dai dole ka rubuta cewa da rana ka yi, ƙarfe nawa, minti nawa, kuma kwalaben shaida, ta biyu da ta uku, su fita tare. Na uku pH: ɗiga sodiyam haidiroksaid mai rauni cikin tsimin, kafin a haɗa, har ya kai 8. Ƙwayoyin sukan fito ƙanana kuma da sauri. Amma a nan akwai rami. Ya yi yawa, ko ka ɗiga shi kai tsaye cikin ruwan azurfa, sai ka samu silba oksaid, shi ma ruwan ƙasa ne, ya yaudare ka da kyau. Duk abin da ka ɗiga wa kwalba ta farko, ɗiga wa ta biyu da ta uku kwatankwacinsa. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ka sauya zafi da pH tare, ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Mataki na shida: awo

Gwajin farko ba ya cin kuɗi. Kashe fitila ka haska kwalbar da ɗan tocilan leza irin na masu gabatar da lacca. Ruwa mai ƙwayoyi na nuna hanyar hasken kamar yadda ƙura ke nuna hasken da ya shigo ta taga. Tsimi ma yana ɗan yin haka, don haka kwatanta da kwalba ta biyu.

Shaidar gaske tana wurin na'urar auna shan haske, sifektirofotomita. Tsarma samfurin kashi ɗaya cikin biyar ko goma, ka daidaita na'urar da ruwan kwalba ta biyu da aka tsarma daidai haka, ka auna shan haske daga tsawon zangon haske nanomita 300 zuwa 700. In na'urarka tsohuwa ce mai karatu ɗaya-ɗaya, ba laifi, ɗauki karatu kowane nanomita 10 ka zana da hannu. A zanen, azurfar nano na ba da tudu ɗaya tsakanin 400 da 450. Siriri mai tsini kusa da 410 na nuna ƙanana masu kusan girma ɗaya. Mai faɗi da ya karkata wajen 450 zuwa sama, manya ne ko gauraye.

Masu aiki da gansakuka su kula da wani abu da ba a cika faɗa ba: koren sinadarin ganye, kulorofil, shi ma yana shan haske wajen 430. Banbancinsa yana da tudu na biyu wajen 665. Ka ga biyun tare, zargi tacewarka kafin ka yi murna.

Mataki na bakwai: tara garin

Zuba a bututun injin wulwulawa, santirifuj, a juyi 10,000 a minti na tsawon minti 15 zuwa 20. Tsiyaye ruwan sama, ka zuba ruwan distil, ka kaɗa, ka sake wulwulawa, sau uku. Ƙaramin inji mai juyi 4,000 manyan kawai yake kwantarwa. In ruwan sama bai washe ba, ƙananan na ciki. Busar da abin da ya kwanta a digiri 50 zuwa 60.

Yi lissafi tun kafin ranka ya ɓaci. Mililita 90 na milimola 1 azurfar da ke ciki miligiram 9.7 ce, ko da ba ka yi asarar komai ba. Ɗan baƙin tabo za ka gani a gindin bututu. Mai son garin da zai aika awo sai ya haɗa lita guda ko biyu, bayan ya gano haɗin da ya fi kyau a ƙananan kwalabe.

Awon da ke biye galibi sai an aika samfur wani gari, kuma da kuɗi, don haka ka zaɓa da hankali. Na'urar XRD, mai haska gari da hasken X-ray don gane abin da ke cikinsa, ita na fi ba muhimmanci. A zanen da take fitarwa, azurfa tsantsa na ba da tsini a kusurwa digiri 38.1, 44.3, 64.4 da 77.4. Ka ga wasu a 27.8, 32.2 da 46.2, silba kuloraid ne ya biyo ka, kuma ka rubuta shi yadda yake, kada ka kira shi "ragowar tsiro". Na'urar FTIR na nuna irin sinadaran da suka lulluɓe ƙwayoyin, ba ta faɗin girma. Girma da siffa sai madubin ilektaron na TEM.

Gwada shi kan ƙwayoyin cuta

Yawancin ɗalibai nan suke dosa. A yi shi a ɗakin gwajin ƙananan halittu, ƙarƙashin idon wanda ya san aikin. Farantin renon bakteriya na Mueller-Hinton, a shafa bakteriyar Escherichia coli ko Staphylococcus aureus da aka daidaita yawanta a ma'aunin McFarland 0.5, a huda ramuka masu faɗin milimita 6, a zuba abubuwan gwajin ciki, a ajiye a digiri 37 na sa'a 18 zuwa 24, a auna da'irar da ta washe, inda bakteriya ba ta tsiro ba.

Ramuka huɗu ake so: ƙwayoyin da aka wanke, tsimi shi kaɗai, ruwan gishirin azurfa shi kaɗai, da sanannen magani irin sifirofulokzasin. Gishirin azurfa shi kansa makashin bakteriya ne. Tun a shekarun 1880 likitan Jamus Carl Credé ya fara ɗiga shi a idon jarirai don kare su daga ciwon ido. Bagaruwa ma ba kanwar lasa ba ce. Ka zuba haɗin da ba a wanke ba ka ga da'ira, wa zai ce wanne ne ya yi kisan?

Da'ira a faranti kuma ba lasisin magani ba ce. Kada a sha, kada a shafa a gyambo, kada a ba wani. Azurfar da ta taru a jiki na mayar da fata shuɗi mai toka, kuma ba ta komawa.

Sauran ƙarafa

Zinariya hanyar ɗaya ce, launin ja ne mai shunayya, tudun tsakanin 520 da 550, kuɗin gishirinta ne kawai ke kora mutane. Tutiya farin gari take bayarwa, sai an gasa shi a tanderu wajen digiri 400. Tagulla na saurin haɗuwa da iska ta zama oksaid. Baƙin ƙarfe kuwa a yi hattara: da ka zuba gishirinsa cikin tsimin bagaruwa zai yi baƙi ƙirin nan take. Dukawa sun san wannan tun kaka da kakanni, da shi kuloko ke baƙanta jemammiyar fata. Haɗuwar ƙarfe da tanin ce, irin ta tawada, baƙin shi kaɗai bai nuna an samu ƙwayoyin nano ba.

Ragowar ruwan

Kada ka zubar da komai mai azurfa a kwata. Guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa, kwatar gari kuma gulbi take nufa. Tanadi jarka guda ka rubuta mata suna, duk ragowa da ruwan wanki su shiga nan. Idan ta kusa cika, zuba mata gishirin miya cokali biyu ko uku ka kaɗa. Kuloraid ɗin da ka yi ta gudu tun farko shi zai kamo azurfar da ke narke ya kwantar da ita fari a ƙasa. Bar ta kwana biyu, ka ɗebi ruwan sama kaɗan ka ƙara masa gishiri. Bai yi hazo ba, ta gama kwantawa. Tace, ka busar da garin, ka miƙa shi ga ma'aikacin ɗakin gwaji tare da ruwan da ya rage, ya haɗa da sauran sharar sinadarai.